Tsarin Rage Asara a Aikin Gine-gine da Horon da Ma'aikata ke Buƙata

Tsarin rage asara, wanda a Turance ake kira "lean", hanya ce ta tafiyar da aiki da ke neman kawar da duk abin da ke cin lokaci, kuɗi ko kaya ba tare da ya ƙara wa aikin daraja ba. Manyan kamfanonin gine-gine a ƙasashe da dama sun rungume shi. Nasararsa kuwa ta rataya ne a kan horon da ake bai wa mutanen da ke tsaye a wurin aiki, wato shugabannin ma'aikata, birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi da masu walda.

Asalin tsarin

Tsarin ya samo asali ne daga kamfanin ƙera motoci na Toyota a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya kasa asara gida bakwai: yin abu fiye da buƙata, zaman jira, jigilar kaya ba gaira ba dalili, ƙarin aikin da ba a nema ba, jibge kaya, kai-komon ma'aikaci, da kuskuren da ke sa a sake aiki.

A 1992 ne masanin nan ɗan ƙasar Finlan, Lauri Koskela, ya fitar da rahoto a Jami'ar Stanford ta Amurka kan yadda za a yi amfani da wannan tunani a harkar gini. A 1997 kuma Glenn Ballard da Greg Howell suka kafa cibiyar yaɗa tsarin a Amurka.

Mai tsarawa na ƙarshe

Ballard da Howell sun lura cewa kimanin rabin ayyukan da ake tsarawa a mako ne kawai ake kammalawa a kan lokaci. Wannan ya sa suka ɓullo da tsarin Last Planner, ma'ana mai tsarawa na ƙarshe, wato shugaban ma'aikatan da ke rarraba aiki a fili.

A wannan tsari, ana duba ayyukan kimanin makonni shida masu zuwa domin gano abin da zai kawo cikas, kamar rashin zane, rashin siminti ko jinkirin sahalewar injiniya. Daga nan kowane shugaban ma'aikata zai ɗauki alkawarin abin da zai iya gamawa a makon. Ƙarshen mako sai a lissafa kashi nawa cikin ɗari aka cika, a kuma binciki dalilin abin da bai yiwu ba.

Ƙwarewar da ake koyarwa

Ta farko ita ce iya ɗaukar alkawari na gaskiya. Ana koya wa shugaban ma'aikata ya ce ba zai iya ba idan kaya ba su iso ba, domin idan mai ɗaurin rodi ya amsa aikin da ba zai gama ba, masu zuba kankare za su wuni a zaune, a kuma biya kuɗin hayar injin a banza.

Ta biyu ita ce gane asara da ido, ta uku kuma bin matsala har tushenta ta hanyar tambayar "me ya sa?" sau biyar. Ta huɗu ita ce iya koyar da wani. A nan kamfanoni kan ari hanyar da aka tsara a Amurka lokacin yaƙin, wadda Toyota ta ɗauka daga baya: a shirya mai koyo, a nuna masa, ya gwada da hannunsa, sannan a ci gaba da bibiyarsa.

Inda ake samun cikas

Babban kamfani yakan raba aiki ga ƙananan 'yan kwangila, leburori kuma su watse da zarar an gama. Idan aka horar da injiniyoyin ofis kaɗai, ilimin ba ya isa ga masu riƙe da cebur. Haka nan idan ana hukunta duk wanda ya faɗi matsala, sai ma'aikata su riƙa ɓoyewa, lissafin mako ya zama na bogi.

A Najeriya

Akwai hukumomin da kamfanoni za su iya jingina da su. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, a 1971, kuma kamfanonin da doka ta shafa suna zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, tare da damar a maido musu da wani kaso idan sun gudanar da horon da asusun ya amince da shi. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ita ke kula da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa. Kamfanin da ya haɗa horonsa da wannan shaida yana bai wa birkila ko kafinta abin da zai nuna a wurin aiki na gaba.