Shinji Okazaki: Wanda Ya Ci Wa Japan Ƙwallo 50, Amma Sunansa Bai Kai Aikinsa Ba

A gidajen kallon ƙwallo na Isolo, Agege da Idi-Araba, in aka ce a ambaci ɗan wasan Japan, masoyan Man United za su ce Kagawa, manya kuma su ce Nakata. Da wuya ka ji an ce Okazaki, alhali ya ci kofin Firimiya, kuma ya yi wasa tare da namu Ahmed Musa.

Tarihinsa a taƙaice

An haifi Shinji Okazaki ranar 16 ga Afrilu, 1986, a lardin Hyogo na Japan. Ya fara a Shimizu S-Pulse a 2005. A 2011 ya tafi Jamus, ya buga wa Stuttgart, sannan Mainz, inda ya ci ƙwallo 15 a kakar 2013/14. Leicester City ta saye shi a 2015, ya zauna har 2019. Daga nan sai Sifaniya, sannan Sint-Truiden ta Beljiyam, inda ya rataye takalmi a 2024.

Ya buga wa ƙasarsa wasa 119, ya ci ƙwallo 50. Mutum biyu kaɗai suka fi shi a tarihin Japan: Kamamoto mai 75 da Miura mai 55. Ya je kofin duniya sau uku, 2010, 2014 da 2018, ya kuma ci kofin Asiya a 2011.

Kakar Leicester

A 2015/16, da Leicester ta ba duniya mamaki, Vardy ya ci 24, Mahrez 17, Okazaki kuwa 5 kawai. Sai dai aikinsa daban ne. Shi ne mai bin 'yan baya da gudu, ya hana su sakat, ya buɗe wa Vardy hanya. Sau da yawa koci Ranieri yakan cire shi kafin a tashi, bayan ya gama zuba ƙarfinsa. Ƙwallon da aka fi tuna shi da ita ita ce ta alkafura da ya ci Newcastle a Maris 2016, wasan da aka tashi 1-0.

A Yulin 2016 Ahmed Musa ya iso daga CSKA Moscow, Ndidi ya biyo a Janairun 2017, sai Iheanacho a Agusta. Duk ukun sun yi zamani da shi a kulob ɗin.

Me ya sa wasu suka fi shi suna?

Nakata ya ci Siriya A da Roma a 2001, lokacin da 'yan Asiya ba su da yawa a Turai, ga ado da tallace-tallace, ya kuma yi ritaya a 2006 yana ɗan shekara 29. Kagawa ya ci Firimiya a 2013 sanye da jar riga, kuma ka san yawan masoyan United a nan. Honda ya sa lamba 10 a AC Milan. Shi ko Okazaki bai taɓa buga wa irin su United ko Milan ba, kuma gudu ba ya shiga bidiyon da ake yaɗawa a WhatsApp.

Wanda ya san kara ya gane wannan: dillali ake kira da suna, amma wanda ya rako shanu daga Arewa har Oko-Oba, kwana da kwanaki a bayan tirela, ba kowa ya san shi ba. Yaranmu masu buga ƙwallo a filayen unguwa su lura: masu neman 'yan wasa suna duba wanda ke aiki lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa.