Tukwanen girki a kudancin Jihar Kano

Tukwanen girki su ne kayan da ake ɗorawa a kan wuta domin dafa abinci, ko soya shi, ko turara shi. A ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ke cikin mazaɓar sanatan Kano ta Kudu, an fi amfani da tukunyar ƙasa, tukunyar dalma, tukunyar silba ta kamfani, da tukunyar ƙarfe marar tsatsa. Yankin na manoman masara ne da dawa da shinkafa da wake, sannan madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a shekarar 1974, ta bunƙasa noman rani na tumatir da kayan miya a kewayenta. Gidaje da yawa suna girki da itace, kara ko gawayi. Abin da aka yi tukunya da shi yana shafar ɗanɗanon abinci, da yawan itacen da za a ƙona, da daɗewar tukunyar, da kuma lafiyar masu cin abincin, musamman ƙananan yara.

Suna da kalmomi

Kalmar tukunya jinsin mace ce, jam'inta tukwane. Ƙaramar tukunyar miya ita ce talle. Kasko, jam'i kasake, shi ne mai faɗin baki marar zurfi da ake suya ko tuya a ciki, tanda kuma kaskon waina ce mai gurabe. Sunayen kayan girki da dama an gina su ne da ɗafa-goshin "ma-" wanda ke nuna abin aiki, kamar madambaci, maburgi da matankaɗi. Wasu kuma aro ne: tasa daga Larabci, kurfoti da kula daga Turanci.

Sunan tukunyar dalma yana rikita mutane. Dalma ƙarfe ne mai nauyi da laushi, mai guba. Kuza, wadda aka daɗe ana haƙa a Riruwai, hedikwatar Doguwa, ƙarfe ne dabam. Tukunyar da ake kira ta dalma da alminiyam ake zuba ta, wato sanholo ko goran ruwa. Sai dai, kamar yadda za a gani a ƙasa, ainihin dalma takan shiga cikinta ta hanyar tarkacen da aka narka.

Tarihi

Tukunyar ƙasa ita ce mafi daɗewa a ƙasar Hausa. Magina suna haɗa yumɓu, su gina ta da hannu, su shanya, sannan su gasa ta a fili da kara da ciyawa. A wasu sassan Najeriya ana yayyafa wa tukunya ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tun tana da zafi, don ta ƙara ƙarfi ta rage tsatsafo.

Tukunyar baƙin ƙarfe mai ƙafa uku ta shigo Afirka ta Yamma ta hanyar cinikin Turawa. A shekarar 1707 Abraham Darby ya yi rajistar dabarar zuba irin wannan tukunya cikin yashi a Ingila, abin da ya sa ta yi arha. Alminiyam kuwa bai wadata ba sai bayan 1886, lokacin da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano yadda ake tace shi da lantarki. Sana'ar zuba tukwane daga tarkacen alminiyam ta bazu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma masaniyar tarihi Emily Osborn ta Jami'ar Chicago ta yi nazarin yaɗuwarta tsakanin 1945 da 2005. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, baƙin ƙarfe tsantsa kuwa sai ya haura digiri 1,500. Shi ya sa maƙeri mai gawayi da zugazugi yake iya narka na farko a rumfarsa.

Ire-iren tukwane

Tukunyar ƙasa tana ɗaukar zafi a hankali, ta kuma riƙe shi. Ba ta jin tsami ko kanwa, shi ya sa ta dace da miya, wake da jiƙon magani. Aibinta saurin fashewa da nauyi.

Tukunyar dalma tana da kauri, tana jure wutar itace da bugun muciya, don haka ita ce tukunyar tuwo da ta girkin biki, suna da makarantun kwana. Maƙera suna sayen gwangwanaye, tsofaffin tukwane da sassan injin mota daga 'yan jari-bola, su narka, su zuba cikin zubin da aka danna da yashi mai laima. Ana sanin girmanta da lamba, ko da yawan kwanon shinkafar da take ci.

Tukunyar silba ta kamfani, irin ta Tower, ita ma alminiyam ce, amma daga falle ake matsa ta. Ba ta da nauyi, tana saurin tafasa ruwa, sai dai tana saurin lotsewa, abinci kuma yana kamawa a gindinta idan wuta ta yi yawa.

Ƙarfe marar tsatsa gauraye ne na baƙin ƙarfe da kuromiyam wanda bai gaza kashi 10.5 cikin ɗari ba. Ana danganta samuwarsa da aikin Harry Brearley a Sheffield a 1913. Tsami da kanwa ba sa cin sa, amma ya fi tsada, kuma marar kaurin gindi yana ƙona abinci.

Langa da samira baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da rufi mai kama da gilashi. Sun shahara a kayan jeren amarya. Idan rufin ya ɓantare, wurin yana tsatsa.

Kaskon da abinci ba ya kamawa an shafe cikinsa da sinadarin Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938. Shafin yana fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260, saboda haka bai dace da wutar itace mai ƙarfi ba. Ya fi dacewa da gas ko risho.

Tsami, kanwa da gubar dalma

Girkin yankin yana amfani da tsami da kanwa sosai. Akwai kunun tsamiya, zoɓo, yakuwa a fate, da miyar tumatir. Akwai kuma kunun kanwa, ɗanwake, da wake da ake jefa wa kanwa don ya yi saurin nuna. Alminiyam yana da wani siririn rufi da iska ke yi masa, wanda ke kare shi, kuma tsami da kanwa duk suna cinye wannan rufi. Alamar haka ita ce cikin tukunya ya yi baƙi, ko ya yi ƙananan ramuka, ko abinci ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe.

Babbar matsalar ita ce tarkacen da ake narkawa. Sassan inji, lagireto da kayan da aka liƙe da dalma suna iya shigar da dalma da kadmiyam cikin narkakken alminiyam, kuma ido ba ya ganewa. Wani bincike da Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya gano dalma tana fita daga tukwanen da aka zuba da tarkace a Kamaru. A 2017 sun gwada tukwane 42 daga ƙasashe goma masu tasowa, ta hanyar tafasa ruwa mai ɗan tsami a cikinsu na awa biyu, inda 15 daga ciki suka saki dalmar da ta kai ko ta wuce maikirogiram ɗaya a kowane kofi mai cin mililita 250.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu adadin dalmar da za a ce ba ya cutarwa a jikin mutum. Tana taruwa a ƙashi, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, tana kawo ƙarancin jini, tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan tayi. Arewacin Najeriya ya ga illarta a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Musabbabin wancan shi ne ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje. Abin da tukunya ke saki kaɗan ne idan aka kwatanta, amma kullum ake cin sa, shekara da shekaru.

Tukunyar baƙin ƙarfe kuwa tana sakin sinadarin ƙarfen da jini ke buƙata. Wani gwaji da aka yi a Habasha, wanda mujallar The Lancet ta buga a 1999, ya nuna ƙarancin jini ya ragu a yaran da aka riƙa dafa wa abinci a irinta.

Zaɓen tukunya

Ana samun tukwane a kasuwannin ƙauye da na bakin hanya irin ta Kwanar Dangora a Kiru, da kuma manyan kasuwannin birnin Kano kamar Kurmi da Sabon Gari. Mai sayen tukunyar ƙasa yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa. Idan ta yi ƙara mai kaifi, ta gasu kuma ba ta tsage ba. Idan ƙarar ta dushe, akwai tsaga.

A tukunyar dalma ana duba kaurin gindi, da santsin ciki, da zaman murfi, da ƙarfin kunnuwa. Ana zuba ruwa a gani ko tana yoyo. Ramuka, kumfar da ta daskare a jiki, da tabon liƙi alamu ne na zubi marar kyau. Ana kuma tambayar maƙeri abin da ya narka, domin gwangwanin lemo da tsofaffin tukwanen kamfani sun fi sassan inji aminci.

Siffar gindi ma tana da muhimmanci. Mai zagayayyen gindi ta fi zama a murhun duwatsu uku, mai shimfiɗaɗɗen gindi kuma ta fi dacewa da gas, risho da kurfoti. Gidan da ba zai iya sauya tukwanensa duka ba yana iya ware guda ɗaya ta ƙasa ko ta ƙarfe marar tsatsa don kunun yara, zoɓo da duk abin da ke da tsami ko kanwa.

Kula da tukwane

Hausawa na cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. Sabuwar tukunyar ƙasa ana fara dama kunu mai ruwa-ruwa a cikinta a kan wuta kaɗan, domin ya toshe ƙofofin yumɓun. Ba a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, ba a ɗora ta a wuta babu komai a ciki, kuma ba a cika mata sabulu saboda tana tsotse shi.

Sabuwar tukunyar dalma ana wanke ta, a tafasa ruwa a ciki a zubar kafin a fara girki. Wannan yana fitar da yashi da dattin zubi, amma ba ya cire dalmar da ta riga ta gauraya da ƙarfen. Ba a barin miya, zoɓo ko kunu su kwana a cikinta. Da an sauke sai a juye a kula, akushi ko kwanon da rufinsa bai ɓantare ba. Ƙanzo ana jiƙa shi ne har ya saki. Goge ciki da yashi, toka ko soson ƙarfe yana kankare rufin da ke kare alminiyam, don haka an fi so a bar su ga bayan tukunya. Shafa wa bayan tukunya jiƙaƙƙiyar toka ko sabulu kafin a ɗora ta a itace yana sauƙaƙa wanke baƙin hayaƙi.

Tukunyar da ta huje ba a liƙe ta da dalma, domin liƙin yana haɗuwa da abinci kai tsaye. Ana yi mata faci da alminiyam, ko a mayar da ita wurin maƙeri.

Tukunyar baƙin ƙarfe ana busar da ita a kan wuta bayan wanki, a shafa mata ɗan man gyaɗa don kada ta yi tsatsa. Kaskon Teflon ana juya abinci a cikinsa da cokalin katako, kuma ana daina amfani da shi idan shafin ya fara ɓarewa. Langa ko samirar da cikinta ya ɓantare ana mayar da ita ma'ajiyar busassun kaya kamar gari da kuka. Muciya, ludayi, mara da akushi ana wanke su nan take a shanya su, domin katako da ƙwarya suna yin fumfuna idan aka ajiye su da laima, musamman da damina.