Katin hoto da jar fitila a unguwar Zariya

Kawuna mai hoto ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. A bayan shagonsa akwai wani ɗan ɗaki da ya toshe tagarsa da bargo, babu haske sai jar fitila guda. Ina yaro nake tsaya masa gaban tasoshin magani uku. Zai tsoma farin kati a ta farko yana jijjiga ta a hankali, sai ka ga mutum yana fitowa: idanu da gemu tukuna, farin rawani daga baya. Duk lokacin da na motsa sai ya ce, “Kai yaro, kada ka taɓa ƙofar nan, dukiyata ce a kwalin can.”

Gaskiya ya faɗa. Katin an shafe shi da sinadarin azurfa, haske kaɗan ya isa ya lalata kwali guda. Daga Turai da Amurka yake zuwa, Ilford ko Agfa ko Kodak, kawu kuwa a Kano yake sarowa, ya biyo da shi ta Jibiya. Da Sallah shagon ba ya da masaka tsinke. Ga ’yan matan Tibiri da sabon ɗinki, ga manoman Jiratawa masu neman hoton katin ɗan ƙasa, kowa ya daskare gaban labule kamar an dasa shi.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Injinan wanke hoto mai kala sun riga sun janye masu biki, wayar hannu ta zo ta ƙarasa. Can ma inda ake yin katin abin bai yi daɗi ba. Ilford ya durƙushe a 2004, sai da wasu manyan ma’aikatansa suka saye shi a 2005 suka ci gaba da aiki a Ingila da sunan Harman. A shekarar 2005 ɗin ce Kodak ya daina yin katin baƙi da fari, kamfanin hoto na Agfa ya karye, Forte na Hangari ya rufe a 2007. Yau ’yan kamfanoni kaɗan suka rage, irin su Harman da Foma na ƙasar Cek, masu sayensu kuwa galibi ’yan sha’awa ne da ɗalibai.

Ban ga alamar katin nan zai dawo kasuwar Maraɗi ba, kuma abin yana yi mini ciwo. Hotunan aurena masu kala sun koɗe sun yi ja, na kakata da kawu ya wanke da hannunsa yana nan garau. Irin wannan aiki ne ya sa aka ba mai hoto Malick Sidibé na Bamako babbar lambar yabo a Venis a 2007, namu kuwa suna ƙasan adaka, gara na ci.

In kuna da irinsu a gida, ku fiddo su daga danshi, ku tambayi tsofaffi tun suna raye, ku rubuta sunan mai hoton da shekara a bayan katin da fensir.