Bankuna, Man Fetur da Manomin Makoɗa: Waiwaye a Kan Tarihin Wata Ja-in-ja

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda matsin lambar jama'a ya sauya halin bankuna game da ba da rance ga ayyukan man fetur da iskar gas, sa'an nan mu auna abin da wannan sauyi yake nufi ga manomin Makoɗa da ke arewacin Jihar Kano.

Tushen Al'amarin

A shekarar 2000 Bankin Duniya ya amince da tallafa wa aikin bututun mai daga Cadi zuwa gaɓar tekun Kamaru, bisa sharaɗin a kashe kuɗin man wajen rage talauci. Ƙungiyoyin kare muhalli sun soki shirin tun daga farko. Da gwamnatin Cadi ta saɓa sharaɗin, bankin ya janye a 2008.

Bayan yarjejeniyar Paris ta 2015, suka ta ƙara tsanani. A 2017 Bankin Duniya ya ce zai daina ba da kuɗin haƙar mai da gas bayan 2019. A taron Gilasgo na 2021 wasu ƙasashe suka yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a irin waɗannan ayyuka a ƙetare. A shekarar ce kuma manyan bankuna suka kafa ƙawancen rage hayaƙi ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma ƙawancen bai yi ƙarko ba: manyan bankunan Amurka sun fice a ƙarshen 2024 da farkon 2025, kafin 2025 ta ƙare kuwa ya daina aiki.

Bututun Ajakuta zuwa Kano

A watan Yuni na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta, ta Kaduna, zuwa Kano. An tsara cewa kashi 85 cikin ɗari na kuɗin rance ne daga bankin ƙasar Sin. Rancen bai zo a kan lokaci ba, kamfanin NNPC ya ɗauki nauyin, aka yi ta ɗage ranar kammalawa. Ya kamata mu lura cewa lissafin riba da tsoron bashi ne suka kawo wannan cikas, ba zanga-zangar masu kare muhalli ba.

Matsayin Manomin Makoɗa

Wannan manomi yana tsaka mai wuya. Dattawan yankin ba su manta da farin 1973 ba, kuma ɗumamar duniya barazana ce ga gero da dawarsa. Amma takin yuriya da yake sa wa gonarsa daga gas ake yin sa, injin ban-ruwansa fetur yake sha, matarsa kuwa da itace da kara take girki. Tsadar gas da kananzir tana ƙarewa ne a kan gawo da ɗorawar da kakanni suka raina a gonaki. Irin wannan hujja ce Yemi Osinbajo ya kafa a 2021, yana Mataimakin Shugaban Ƙasa, da ya nemi kada a hana Afirka kuɗin gas.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa matsin lamba yana motsa bankuna, amma ba ya ɗaure su in riba ta juya. Ya kuma nuna cewa ana yanke shawarar a Paris da Gilasgo da Bejin, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka muna kira ga malaman kwalejojinmu da su tattara bayanan manoma game da damina, da itace, da taki, domin a sami hujja daga gida duk lokacin da za a ci bashi da sunansu.