Zirin Freetown da Hausawan da Teku Ta Ajiye

Mu da muka tashi tsakanin Danchadi, Bodinga da Shagari, gulbi da fadama muka sani. Amma a Saliyo akwai wani zirin ƙasa da teku ta kewaye ta ɓangare uku, wanda ke riƙe da wani yanki na tarihinmu. Mota kan zagaye shi a yini guda: a tashi daga Freetown, a bi gaɓar Lumley da Tokeh, a wuce York da Kent, a dawo ta Waterloo da Hastings. Duwatsu masu duhun daji a hagu, farin rairayi a dama.

Yawancin waɗannan garuruwa 'yantattun bayi ne suka raya su. Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen 'yan fatauci suna sauke mutanen ciki a Freetown. Dubun-dubata aka sauke. Ƙofar farfajiyar da ake tara su, King's Yard, tana nan tsaye a asibitin Connaught.

Mu duba shekarun. A 1812, lokacin da Shehu Usmanu yake zaune a Sifawa kusa da Bodinga, aka kafa ƙauyen Regent a kan duwatsun zirin. Shehu ya yi tir da bautar da Musulmi ɗa, amma yaƙe-yaƙen zamanin, a ƙasar Hausa da Nufe da ƙasar Yarbawa, sun jefa mutane da yawa hannun fatake. Aka gangara da su Legas da Badagiri. Wasu suka ƙare a Bahiya ta Brazil, wasu a nan. Ƙidayar 1848 ta sami ɗaruruwan Hausawa a Saliyo.

Sun rasa gida da dangi, amma harshe bai bar bakinsu ba. Wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya koyi Hausa a wurin irinsu, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Sigismund Koelle, malami a kwalejin Fourah Bay da aka kafa a 1827, ya yi hira da 'yantattun bayi ya fitar da Polyglotta Africana a 1854, mai harsuna fiye da ɗari. A ciki akwai Hausar Kano da ta Katsina.

Malamanmu sun riga su rubuta Hausa da ajami, wannan ba gardama. Sai dai bokon da muke latsawa a waya yau, wani tushensa yana bakin mutanen da aka sayar. Littattafan suna ɗauke da sunayen Turawa a bango, masu harshen kuwa ba mu cika ambatonsu ba idan muna ba yara tarihi. Duk wanda Allah ya kai shi wannan ziri, ya tsaya a ƙofar King's Yard kafin ya nufi rairayi. Kakannin wasunmu ta nan suka shiga.