Allon kwafi a tsarin X Window

Allon kwafi shi ne hanyar da manhajojin kwamfuta ke miƙa wa juna rubutu ko hoto idan mutum ya kwafa ya liƙa, dabarar da Larry Tesler ya taimaka wajen ƙirƙira a Xerox PARC cikin shekarun 1970. A X Window, wanda Linux ta daɗe tana amfani da shi, babu rumbun da ake zuba abin da aka kwafa. Manhaja dai tana shelar cewa ita ce ke riƙe da shi, ba ta miƙawa sai an nema. Shi ya sa rufe taga kan tafi da kwafin, sai in akwai mai tsaro irin Klipper na KDE.

Hanyoyi biyu ke aiki: PRIMARY, wadda ke ɗaukar duk rubutun da aka haskaka, a liƙa da maɓallin tsakiya na linzami, da CLIPBOARD, mai jiran Ctrl+C. Wasu na ganin wannan ruɗu ne ga sabon shiga, gara a haɗe su. Ƙorafin yana da tushe, amma haɗewar ta fi ɓarna. Idan aka haɗe su, wanda ya kwafi sabon adireshi, ya haskaka tsohon domin ya maye gurbinsa, zai tarar haskakawar ta shafe kwafinsa. Haskakawa kan faru da kuskure, shi kuwa kwafi da niyya ake yinsa. Kayan gina manhaja irin GTK da Qt sun raba su, kuma hakan ne daidai.