Igrok: Littafin da Dostoyevsky ya rubuta cikin kwana 26

A tarihin adabin duniya ba kasafai ake samun littafin da labarin rubuta shi ya yi suna kamar labarin da ke cikinsa ba. Igrok, wato "Ɗan Caca", na marubucin Rasha Fyodor Dostoyevsky (1821–1881), yana cikin irin waɗannan. An fara shi ranar 4 ga Oktoba, 1866, aka kammala ranar 29 ga watan, bisa tsohuwar kalandar da Rasha ke amfani da ita a lokacin.

Bashi ne ya jawo wannan gaggawa. A shekarar 1864 matarsa ta farko, Mariya, ta rasu, bayan 'yan watanni yayansa Mikhail ya bi ta. Mikhail ya bar iyali da tarin bashin mujallar Epokha da suke gudanarwa tare, Dostoyevsky kuma ya ɗauki nauyin duka. Mujallar ta durƙushe a 1865, masu bin bashi suka taso shi gaba, a zamanin da ake ɗaure mutum a kurkuku saboda bashi.

Cikin wannan ƙunci ne wani mai buga littattafai, Fyodor Stellovsky, ya zo masa da tayi. Zai ba shi rubul 3,000 a madadin izinin buga dukkan rubuce-rubucensa, da sharaɗin ya kawo masa sabon ƙagaggen labari zuwa ranar 1 ga Nuwamba, 1866. In ya saɓa, Stellovsky zai mallaki ikon buga duk abin da ya rubuta har shekara tara ba tare da ya biya shi ko sisi ba. Ga mutumin da alƙalami ne kaɗai gonarsa, wannan daidai yake da jinginar da gonar tun kafin shuka. Ya sa hannu. Mafi yawan kuɗin ya tafi wajen biyan bashi, ragowar kuma ya ƙare a teburin caca a Wiesbaden ta ƙasar Jamus.

Shekara guda da 'yan watanni lokaci ne isasshe, to amma hankalinsa yana wani wuri. Tun watan Janairun 1866 mujallar Russkiy Vestnik ta fara buga babban littafinsa, Laifi da Hukunci, kashi-kashi, kuma yana rubutawa ne ana bugawa. Har ƙarshen Satumba bai rubuta ko shafi ɗaya na littafin Stellovsky ba. Abokinsa Aleksandr Milyukov ya ba da shawarar abokai su raba babi-babi su rubuta masa, shi kuma ya gyara. Ya ƙi, domin ba zai sa sunansa a kan aikin wani ba. Sai Milyukov ya kawo shawara ta biyu: a nemo wanda ya iya rubutun alamomi, wato dabarar kama magana da gajerun alamu da saurin da ake faɗin ta, shi Dostoyevsky ya riƙa yin shifta.

Malamin wannan fanni a birnin Petersburg, Pavel Olkhin, ya turo ɗalibarsa Anna Snitkina, 'yar shekara 20, a kan ladan rubul 50. Ranar farko ba ta yi armashi ba. Marubucin bai saba da shifta ba, yana fama da ciwon farfaɗiya, ga saurin fushi da mantuwa, har sunanta ma sai ya riƙa sake tambaya. Sannu a hankali suka samu tsari. Takan iso gidansa da tsakar rana, su yi aiki har wajen ƙarfe huɗu, suna yi suna hutawa da shayi da hira. Da dare ta mayar da alamomin zuwa cikakken rubutu a gida, washegari ta kawo masa ya duba. Ita ce ke ƙirga shafukan da aka samu tana faɗa masa, abin da ya riƙa kwantar masa da hankali.

Masu sha'awar rubutun gaggawa kan kafa hujja da wannan labari cewa wata ɗaya ya isa a rubuta littafi, musamman tun da aka ƙirƙiro al'adar nan ta NaNoWriMo a Amurka a 1999, inda aka riƙa ƙoƙarin rubuta kalmomi 50,000 cikin Nuwamba. Hujjar tana da rauni. Tun watan Satumban 1863 Dostoyevsky ya zayyana jigon labarin a wata wasiƙa da ya aika wa Nikolai Strakhov daga birnin Rum, wato shekara uku ke nan abin yana nuna a ransa. Gidajen cacar Jamus kuwa ya san su ciki da waje, ya san yadda hannu ke rawa idan kuɗin ƙarshe ya hau tebur. Tauraruwar labarin, Polina, masana sun daɗe suna danganta halinta da Apollinariya Suslova, wadda ya yi soyayya mai zafi da ita. Abin da ya rage masa a watan Oktoba shi ne zubar da abin da ya riga ya taru.

Siffar littafin ma ta dace da ƙarancin lokaci. Babi 17 ne kacal, gajere ƙwarai idan aka gwada da sauran manyan ayyukansa. Mutum ɗaya ke ba da labarin da bakinsa, Aleksei Ivanovich, malamin yara a gidan wani Janar da bashi ya ci, kuma kusan komai yana faruwa ne a wani ƙagaggen garin caca mai suna Ruletenburg. Iyalin suna zaman jiran saƙon mutuwar wata tsohuwa mai dukiya domin su ci gado, kwatsam sai ga ta da ranta a kan kujerarta, ta shiga gidan caca ta zubar da dukiya mai yawa a gabansu. Muryar mai ba da labarin tana haki, tana tsalle daga wannan zance zuwa wancan, kuma ana iya cewa saurin shiftar ya amfane ta. Ruletenburg ne sunan da marubucin ya ba littafin da farko, Stellovsky ya nemi a canza.

Da aka gama, wata matsalar ta taso. Stellovsky ya bar gari, ma'aikacin ofishinsa kuma ya ce ba a ba shi izinin karɓa ba. An yi zargin dabara ce don wa'adin ya wuce. Anna ta riga ta nemi shawarar masanin shari'a, wanda ya ce a damƙa rubutun a hannun hukuma a karɓi shaida. Haka aka yi: Dostoyevsky ya kai shi ofishin 'yan sandan unguwar da Stellovsky ke zaune, ya karɓi rasit da dare, saura 'yan sa'o'i wa'adin ya cika.

Ranar 8 ga Nuwamba ya nemi auren Anna, aka ɗaura a watan Fabrairun 1867, yana da shekara 45. Rubuta littafin bai raba shi da caca ba. A shekarun da suka yi a Turai bayan auren ya ci gaba da yi har yana jinginar da kayan matarsa, sai a 1871 ya bari. Daga 1873 Anna ta karɓi ragamar buga littattafansa da sayar da su da kanta, ta kuma ci gaba da ɗaukar masa shifta har zuwa littafinsa na ƙarshe, 'Yan'uwa Karamazov.